'Yan Rediyon Sa-kai: Yadda Saƙo Ke Fita Bayan Waya Ta Mutu

Ranar Lahadi 26 ga Disamba, 2004, wajen ƙarfe 6:30 na safe agogon Indiya, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.1 ta auku a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra. Ambaliyar da ta biyo baya, wadda ake kira tsunami, ta hallaka mutane fiye da 220,000 a ƙasashen da ke bakin Tekun Indiya. A tsibiran Andaman da Nikoba na ƙasar Indiya, waɗanda ke da nisan fiye da kilomita 1,000 daga babban yankin ƙasar, lantarki ya ɗauke, layukan tarho kuma suka katse.

An yi katari a lokacin akwai wata mata mai suna Bharathi Prasad tare da abokan aikinta a Port Blair, babban birnin tsibiran. Ba aikin agaji ya kai su ba. 'Yan rediyon sa-kai ne, watau mutanen da suka ci jarrabawa, hukuma ta ba su lasisin aika saƙo da na'urarsu don sha'awa da neman sani, ba don kuɗi ba. Kowannensu yana da lambar kira da ke nuna ƙasarsa: VU ta Indiya ce, 5N ta Nijeriya, 5U ta Nijar. Da girgizar ta lafa, sai matar nan ta sauko da na'urarta filin otal, aka tayar da janareta, ta shiga kiran takwarorinta da ke babban yankin. Kwana da kwanaki tana isar da saƙonnin hukuma da na talakawa, galibinsu gajeru ne: wane yana da rai, a gaya wa iyalinsa. Su kuma waɗanda suka karɓa sai su buga wa dangi tarho. Daga baya aka kai wasu daga cikin ayarin tsibirin Car Nicobar, inda ɓarnar ta fi muni.

To, me ya sa wannan 'yar na'ura ta yi aiki a inda tarho ya gaza? Tarho kamar jijiyoyin jikin mutum yake. Saƙo yana bin tasha bayan tasha, kuma idan laka ta tsinke, ƙafa ba za ta ji umarnin ƙwaƙwalwa ba ko da lafiyarta ƙalau. Mai rediyon gajeren zango kuwa ba ya bukatar kowace tasha a tsakani, domin sararin samaniya ne ke yi masa dako.

Daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita a sama akwai wani sashe da masana ke kira ayonosfiya. A can hasken rana mai ƙarfi yana fizge ilektoron daga ƙwayoyin iska, sashen ya zama mai ɗauke da cajin lantarki. Igiyar rediyon gajeren zango, wadda ke tsakanin megahaz 3 zuwa 30, idan ta isa can sai ta lanƙwaso ta dawo ƙasa a wuri mai nisan gaske, wani lokaci ma ta sake tashi. Edward Appleton na Ingila ne ya tabbatar da samuwar wannan sashe a 1924. Abin sha'awa shi ne 'yan sa-kai sun riga sun ci moriyarsa. Dokar Amurka ta 1912 ta tura su zangon mita 200 zuwa ƙasa, bisa zaton ba shi da wani amfani, amma a 1923 Léon Deloy a Faransa da Fred Schnell a Amurka suka yi musayar saƙo ta kan Tekun Atlantika.

Sai dai ayonosfiya ba ta zama a kan hali ɗaya. Da rana ƙasan sashen yana shanye igiyoyi masu dogon zango, da dare kuma ya kusan ɓacewa. Saboda haka mai aika saƙo nesa yakan yi amfani da mita 20 da rana, ya koma mita 40 ko 80 da dare. Sanin wannan, da iya taƙaita saƙo ba tare da kuskure ba, ba a rana ɗaya ake samunsa ba. Shi ya sa a Amurka suke karɓar aikin sadarwa kyauta a taruka irin su tseren yada-ƙanin-wani na Boston, inda hannu ke faɗawa tun kafin ranar masifa.

Ɗalibi zai iya lissafa eriyar da kansa. A raba 300 da yawan megahaz, a sami zango a mita. Megahaz 14 zai ba da kimanin mita 21, rabinsa kuwa shi ne tsawon eriyar, watau wayar tagulla mai kimanin mita 10 da za a ɗaura tsakanin itatuwa biyu. Batirin mota mai bolt 12 ya isa ya tayar da na'urar. Aika saƙo sai da lasisi, amma saurare ba ya bukatar izini. Malami na iya kawo rediyo mai gajeren zango aji, ɗalibai su rubuta tashoshin da suka kama a mita 49 da tsakar rana, sa'an nan su sake gwadawa bayan sallar isha'i, su kwatanta.