Da Gaske Ne An Naɗa Kyanwa Shugabar Tashar Jirgin Ƙasa?

Tambaya: Na ga hoton wata kyanwa sanye da hular ma'aikatan reluwe, aka ce wai ita ce shugabar tasha a ƙasar Japan. Gaskiya ne ko haɗa hoton aka yi? In gaskiya ne, wane aiki kyanwa za ta iya yi a tasha? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Gaskiya ne, kuma ina kyautata zaton hoton Tama kika gani, wata kyanwa mai launi uku, fari da baƙi da ja-ja, wadda aka naɗa shugabar tashar Kishi da ke lardin Wakayama ranar 5 ga Janairu, 2007.

Kishi ita ce tashar ƙarshe a wani ɗan layin dogo mai suna Kishigawa, wanda tsawonsa bai wuce kilomita 14 da 'yan kai ba. Fasinjoji sun yi ta raguwa har kamfanin Nankai mai layin ya ce zai rufe shi. Mutanen yankin suka tashi tsaye, sai wani sabon kamfani, Wakayama Electric Railway, ya karɓi layin a 2006. Don rage kashe kuɗi, aka janye ma'aikata daga ƙananan tashoshi, Kishi ta zama ba mai sayar da tikiti, ba mai gaishe da matafiyi. A daidai lokacin ne aka ce a rushe 'yar bukkar da kyanwoyin wata mai shago a gefen tashar suke kwana. Matar ta roƙi shugaban sabon kamfanin, Mitsunobu Kojima, ya bar su su zauna cikin tashar. Ya amince, ya kuma ƙara da abin da ba ta roƙa ba: ya ba Tama, ɗaya daga cikin kyanwoyin, muƙami.

Aikin nata kuwa tarbar baƙi ne, albashinta abinci. An ɗinka mata 'yar hula daidai kanta, daga baya aka gyara tsohon ɗakin sayar da tikiti ya zama ofishinta. Mutum ya sauko daga jirgi, ya tarar da ita kwance bayan gilashi, hula a karkace, tana lumshe ido, yara na leƙe, manya na ɗaukar hoto. Halinta ya taimaka ƙwarai, don kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, hayaniyar jama'a ba ta firgita ta. Kada ki raina wannan aiki. Mutane suka riƙa shiga jirgin musamman don su gan ta, har wani malamin jami'ar Kansai, Katsuhiro Miyamoto, ya ƙiyasta cewa ta jawo wa yankin kimanin yen biliyan 1.1 a shekara guda. A 2009 aka fito da jirgi mai zanenta a jiki, a 2010 aka sake gina tashar, rufinta da kunnuwa da idanu irin na kyanwa. Da ta mutu ranar 22 ga Yuni, 2015, tana da shekara 16, mutum kusan 3,000 ne suka halarci bikin bankwana da aka yi mata bisa al'adar addininsu na Shinto. Wata kyanwar mai suna Nitama ta gaje ta.

Ni dai abin da ya fi taɓa ni shi ne mafarin labarin. Matar nan makwanci kawai ta nema wa dabbobinta, ba ta da tunanin yawon buɗe ido ko riba. Tausayi ne ya riga, arziƙin ya biyo baya.

Zaman kyanwa a tasha kuwa ya girmi Tama nesa ba kusa ba. Duk inda ake ajiye buhunan hatsi da kayan fasinja, ɓera ba ya rasa zuwa, ga shi yana gaigayar waya da takardu, shi ya sa ma'aikatan reluwe suka daɗe suna ajiye kyanwa a sito da ɗakin sigina. A tashar Huddersfield ta Ingila, an kawo wata mai suna Felix tana 'yar jaririya a 2011 don ta yi maganin ɓeraye. An ɗauka muzuru ce, sai likitan dabbobi ya gano mace ce, sunan kuma ya riga ya bi ta. A 2016 aka ƙara mata girma zuwa babbar jami'ar yaƙi da ɓeraye, har da 'yar rigar aiki mai ƙyalli. Ta yi suna a Facebook, an rubuta littafi a kanta, an tara kuɗin taimakon masu ciwon daji da sunanta, ta mutu a Disamba 2023.

Abin da nake so ki riƙe game da Felix shi ne, lokacin da aka kafa shingayen duba tikiti suka tare mata hanya, sai aka yanka mata 'yar ƙofa tata a jikin shingen don ta riƙa wucewa. Tama ma tana da lokacin aiki da ranar hutu. A duk tashoshin nan akwai wanda ya ɗauki nauyin ciyar da kyanwar, da kai ta wurin likita, da kula kada ta sauka kan dogo. Ba don haka ba, da kyanwar da kika gani ba ta yi wannan ƙiba da natsuwa a hoton ba.