Yadda Ake Haɗa Tsohon Injin Ganga da Ma'ajiyar Sauti

A shekarar 1980 ne kamfanin Roland na ƙasar Japan ya fitar da injin kiɗan nan da ake kira TR-808, wanda babu muryar wata ganga ta haƙiƙa a cikinsa, sai dai da'irorin lantarki da ke ƙaga amo mai kama da na ganga, da tafi, da faifan tagulla. Kasuwa ba ta yi marhabin da shi ba a farko, aka kuma daina ƙera shi a 1983 bayan an yi kimanin guda 12,000. Amma tun kafin nan Marvin Gaye da Afrika Bambaataa sun riga sun sa shi a faya-fayensu na 1982, kunnuwan duniya kuma suka soma sabawa da shi. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi tun a muƙaddima shi ne, darajar wannan inji ba ta tsaya ga muryarsa kaɗai ba. Akwai maɓallai goma sha shida jere a gabansa, kowanne yana wakiltar taki ɗaya na kiɗa, waɗanda mutum zai danna da yatsa alhali injin yana tafiya, ya ji sakamakon nan take, ya gyara, ya ƙara, ya rage, ba tare da ya ɗaga kai ya dubi allon kwamfuta ba. Kuma duk wanda hannunsa ya saba da wannan jeri, da wuya ya yarda ya rabu da shi.

Ita kuwa ma'ajiyar sauti, irin Akai S900 da ta fito a 1986 da ƙanwarta S950 ta 1988, sha'aninta akasin haka ne. Tana naɗar kowane amo aka ba ta, ko ganga ce, ko bugun ƙofa, ko muryar mutum, ta adana, ta maimaita shi duk sa'ad da aka umurce ta, har muryoyi takwas a lokaci guda. Illa iyaka ba ta san lokacin da za ta yi magana ba sai an gaya mata. Manufar haɗin ke nan: inji ya riƙe lokaci, ma'ajiya ta riƙe murya.

Kafin a taɓa ko waya ɗaya, wajibi ne a juya bayan injin a karanta abin da aka rubuta game da wuta. Da yawa daga cikin waɗannan kaya an ƙera su ne don kasuwar Japan mai bolt 100 ko ta Amurka mai kusan 120, ga shi kuwa wutarmu ta haura 200, saboda haka wanda ya soka irin wannan inji a bango ba tare da taransifomar rage ƙarfi ba, a cikin ƙiftawar ido zai yi asarar abin da ba a ƙera irinsa kuma.

Daga nan sai babbar mas'ala, wato harshen da na'urorin biyu za su yi magana da shi. Ƙa'idar da ake kira MIDI, wadda Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland suka yi jagorancin kafa ta, sai a 1983 ta bayyana. Injin da aka yi bayan haka, kamar TR-909 ko TR-707, al'amarinsa da sauƙi: a ɗauki waya daga kafar da aka rubuta wa OUT a bayan inji zuwa kafar IN ta ma'ajiya, a daidaita su bisa layi ɗaya daga cikin layuka goma sha shida, galibi na goma wanda al'ada ta keɓe wa ganguna, shi ke nan sai abin da ya rage na tsara lambobi. Amma TR-808 ya girmi wannan ƙa'ida. A bayansa akwai wata kafa mai ramuka biyar wadda ido ba zai bambanta ta da ta MIDI ba, alhali kuwa ba ita ba ce. Ana kiranta DIN sync, kuma ba ta ɗauke da labarin wace ganga aka buga, sai umurnin tashi da tsayawa da bugun agogo 24 a kowane babban taki, wato bugun da ake auna saurin kiɗa da shi. Na taɓa ɓatar da maraice guda cur ina sauya waya bayan waya tsakanin wannan kafa da ma'ajiya, ina tuhumar kayan da lalacewa, kafin wani dattijon mai gyaran rediyo ya nuna mini da ma'auninsa cewa hatta ƙusoshin da saƙon ke bi ba ɗaya ba ne, domin MIDI na bin na huɗu da na biyar, DIN sync kuwa na ɗaya da na uku.

To, tun da harshe ya saɓa, sai a nemi tafinta. Tafintan nan wata na'ura ce mai karɓar bugun lantarki ko na sauti ta mayar da shi saƙon MIDI, kamar Akai ME35T mai kafofi takwas, ko Alesis D4 mai goma sha biyu. Wasu daga cikin S900 ma an sa musu allon da ke yin wannan aiki a cikin jikinsu, wanda ake kira ASK90, wanda ya yi dace da irinta kuwa ya huta da sayen tafinta.

Hanyoyi biyu ne ake ciro bugun daga inji. Ta farko ita ce kafofin kunama guda uku da ke bayan TR-808, masu alamar CB da CP da AC, wato na ƙararrawar da ke kama da kugenmu, da na tafi, da na nauyaya bugu. Duk takin da aka danna wa ɗaya daga cikin ukun nan, kafarsa za ta harba ɗan gajeren bugun lantarki, tsaftatacce, wanda ba ya makara ba ya ruɗarwa, tamkar yadda kunamar bindiga ke tayar da harsashi. Sai dai ƙarfinsa ya kai kimanin bolt 15, wanda ya fi abin da mafi yawan tafintoci ke tsammani, don haka ya kamata a rage ƙarfin shigarsa ƙwarai ko a gitta masa abin ragewa a hanya. Aibinsa kuma biyu ne, cewa kafofin uku ne kacal, kuma kowane bugu daidai yake da ɗan'uwansa, babu mai nauyi babu mai sauƙi.

Hanya ta biyu, wadda na fi so duk da wahalarta, ita ce a ɗauki muryar kowace ganga daga kafarta ta daban, gama injin yana da kafofi goma sha ɗaya na irin wannan, a kai ta ga tafinta ya saurara. A nan ne ake gane gwani. Tafinta yana da wani haddi da ake saita masa, wanda nakan kwatanta da nisabi a babin zakka: abin da bai kai shi ba babu hukunci a kansa, abin da ya kai kuwa ya wajaba a fitar. Idan aka sassauta nisabin ya yi ƙasa da yawa, to, gurnanin wuta da ke cikin waya da ɗan amon da ke tsallakowa daga maƙwabciyar ganga duk za su riƙa tayar da ma'ajiya ba dalili. Idan kuma aka tsananta ya yi sama, bugu mai laushi zai wuce ba a ji shi ba. Dabarar ita ce a kunna injin da ganga ɗaya tak, a fara da nisabi a can sama inda ba abin da ke wucewa, a riƙa saukar da shi sannu a hankali ana kallon 'yar fitilar tafinta, har ta soma ƙifta ido sau ɗaya a kowane bugu, sa'an nan a ƙara saukarwa kaɗan a tsaya.

Babbar gangar TR-808 tana da nata hali. Amonta mai zurfi ne mai doguwar jela, yana kaɗawa yana raguwa a hankali, tafinta kuwa yakan ɗauki kowace kaɗawa a matsayin sabon bugu, sai a ji ma'ajiya tana in'ina, bugu ɗaya ya zama uku. Magani shi ne a murɗa maɓallin tsawon amo na wannan ganga zuwa mafi gajarta, sa'an nan a ba tafinta wa'adin da zai toshe kunnensa bayan kowane bugu. Lissafin wa'adin ba shi da wuya: in kiɗa yana tafiya da manyan taki 120 a minti, tsakanin ƙaramin taki, wato na maɓalli guda, da na gaba akwai sumuni na daƙiƙa, wato kashi 125 cikin dubu, don haka wa'adin ya zama ƙasa da wannan sosai, in ba haka ba bugun da ke bin juna zai ɓace. Ladan wannan wahala shi ne, takin da aka nauyaya a inji zai fito da ƙarfi, tafinta ya auna shi a mizaninsa mai hawa har 127, ma'ajiya ma ta amsa da ƙarfi, kiɗan ya sami numfashi.

Saura shirya ma'ajiya. Kowane saƙo yana zuwa da lamba, kuma abin da aka saba shi ne 36 ga babbar ganga, 38 ga ƙaramar mai tsarkiya, 42 ga faifan tagulla a rufe, 46 gare shi a buɗe. A ɗora kowane sauti a kan lambarsa shi kaɗai, a zaɓa masa yanayin da zai buga har ƙarshe ba tare da jiran a sake shi ba, domin saƙon tafinta gajere ne ainun. Rufaffen faifai da buɗaɗɗe a tura su kafar fita ɗaya, don ɗaya ya katse ɗaya kamar yadda ƙafar makaɗi ke yi. Abin da mutane suka fi sakaci da shi kuwa shi ne datse farkon sauti: duk ɗan shirun da aka bari a gabansa jinkiri ne da za a ji a kowane taki, a ɗora wa MIDI laifi, alhali saƙonsa ɗaya bai cika kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba.

Wanda ya yi nufin naɗar kalangu, kada ya wadatu da bugu ɗaya, tun da maganar kalangu a matsar tsarkiya take. Ya naɗi sakakke, da matsattse, da wanda ake matsawa bayan an buga, ya ba kowanne lambarsa da kafarsa. Idan an gama, a saurari muryar inji da ta ma'ajiya tare. In babbar ganga ta rame maimakon ta yi kauri, alama ce igiyoyin amon biyu suna soke juna, sai a matsar da farkon sautin kaɗan ko a sauya muryarsa har su dace. Sa'an nan, kafin a kai hannu ga makunni, a adana aikin a faifan ajiya, domin S900 ba ta tuna kome da zarar wuta ta ɗauke, kuma a rubuta nisabin kowace kafa da wa'adinta a takarda a liƙa a jikin tafinta.