Darasin Juma'a: Tunawa da Malam Ja'afar da Shirin Baƙo Kafin Tafiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Duk wanda ya daɗe a Maiduguri ya san yadda Masallacin Indimi yake cika a watan azumi lokacin tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, Allah Ya jiƙansa. Shi ma baƙo ne kamarmu: a Daura aka haife shi, Kano ta zama gidansa, ya yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, duk Ramadan kuma sai ya zo Borno. Ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2007, yana limancin sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi a Kano, 'yan bindiga suka harbe shi. Bai kai shekara hamsin ba, yana tsakiyar ƙarfinsa, babu jinya ko ta kwana ɗaya.

To, kun ga har yau ana sauraron karatunsa a wayoyi da shaguna da motocin haya. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya nuna abu uku ne ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi wa iyayensa addu'a. Malam ya bar ilimi. Mu fa, in aka kira mu gobe da asuba, me za a tarar?

Samarinmu da ke Hausari da Monday Market da kasuwar kifi ta Baga Road, wannan magana taku ce. Da yawa sun baro iyaye a Kano ko Katsina ko Maraɗi, suna juya kuɗin mutane, amma lissafin duk a ka yake. In mutuwa ta zo ba sallama, sai a yi jana'iza a rasa wa ke bin sa, wa yake bi, kayan shago nasa ne ko na ubangidansa. Daga nan sai rigima, marayu su tashi hannu banza.

Ga abu huɗu da za mu yi a wannan makon:

1. Rubuta bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Sahihu Muslim ya ruwaito cewa ko shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi.

2. Rubuta wasiyya. Hadisin Ibn Umar a Buhari da Muslim ya nuna bai kamata mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba ta rubuce a wurinsa ba. Kada ta wuce sulusin dukiya, ba a yi wa magaji, kuma sai an biya bashi kafin a raba gado.

3. Ware amana. Kuɗin adashi, ajiyar abokai da jarin wani, kowanne a rubuta sunan mai shi. A yi kwafi biyu, ɗaya a wurin amintacce, domin gobarar Monday Market ta 2023 da ambaliyar Alau ta Satumban 2024 sun nuna mana takarda ma tana tafiya.

4. A san gidanku. Ka ba liman ko shugaban 'yan garinku lambar mahaifi ko yayanka, kada labari ya iske tsohuwa a bakin mutane.

Ɗan'uwa, rubuta wasiyya ba ya jawo ajali, rashin rubutawa ma ba ya jinkirta shi. Wanda bai iya rubutu ba ya tsaya bayan salla, za a taimaka masa.

Allah Ya gafarta wa Malam Ja'afar da mamatanmu baki ɗaya, Ya sa mu cika da imani. Amin.