Kalmar “Jakar Iska” da Haɗarin Kwance Sitiyari a Ƙasar Yawuri

Fassarar “jakar iska” tana ɓoye wata gaskiya: ba iska aka ɗura mata ba, sinadari ne wanda lantarki ke tayarwa, ya kumbura ta kafin ƙiftawar ido. Bakaniken Yelwa, Wara ko Shanga da ya ɗauke ta balan-balan yana iya rasa idonsa.

Ƙa'idar aikin ita ce a miƙe tayoyin gaba, a cire kan batir mai alamar ɗebewa, a jira minti 10 domin ragowar wuta ta zuƙe. Sannan a kwance jakar, a zare mahaɗar wayarta mai launin rawaya, a ajiye ta fuskarta na kallon sama, kafin a taɓa notin tsakiya.

Saboda haka muƙalar ke ba da shawarar “jakar kariya mai fashewa”, suna mai ɗauke da gargaɗinsa.