Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin da iska ke tuƙawa, zai yi tsere a dam ɗin Goronyo?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani matashi a Goronyo. Ga abin da ya rubuto: "Kawu, na kalli wata gasa a waya. Ƙananan jiragen ruwa ne, kowanne da mutum ɗaya ko biyu, ba inji, ba filafili, sai wani ƙyalle a tsaye. Abin mamaki, na ga suna tafiya har wajen da iska ke fitowa. Yaya haka ke yiwuwa? An ce mini wasan masu kuɗi ne da ake yi a kulob. Me ake yi a kulob ɗin? Kuma tunda muna da dam a nan, me zai hana mu ma mu yi?"

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Matambayi ba ya ɓata. Bari mu fara da jirgin kansa, domin idan ka fahimci ƙirarsa, sauran bayanin zai zo da sauƙi.

Jirgin da ka gani ƙarami ne, tsawonsa daga mita 2 da ɗoriya zuwa mita 5, kuma marar nauyi ne, mutum biyu ko uku na iya ɗaga shi su sa a ruwa. Abubuwa huɗu ne ke sa shi aiki. Akwai doguwar sanda da ake kafawa a tsaye. Akwai ƙyalle mai ƙwari da ake ɗaurawa a jikinta, wanda matuƙi ke ja ko sassautawa da igiya. Akwai wani allo a bayan jirgin mai mariƙi, da shi ake juya jirgin dama ko hagu. Na huɗun shi ne wanda mai kallo ba ya gani: wani dogon allo siriri da ake zurawa ta wata kafa a tsakiyar jirgin, ya nutse ƙasa cikin ruwa.

Yawancin mutane suna ɗauka iska na tura jirgin ne daga baya kawai. Haka ne idan inda za ka da inda iska ta nufa ɗaya ne. Amma idan iskar ta zo daga gefe, ko daga gaba-gaba, wani abu dabam ne ke faruwa. Matuƙi zai ja igiya har ƙyallen ya yi ciki, ya lanƙwasa. Iskar da ke bin jikinsa sai ta karkace, ɓangare ɗaya matsinta ya ragu, ɗayan ya ƙaru, sai ƙyallen ya riƙa jan jirgin zuwa gefe da kuma ɗan gaba. Da babu allon nan na ƙasa, jirgin zai zame ne a kaikaice. Allon ne ke tokare ruwa ya hana zamewar. Ka tuna yadda ƙwallon mangwaro mai santsi ke yi idan ka matse shi tsakanin yatsu biyu: ba ya bin yatsa ko ɗaya, gaba yake kufcewa. Iska na matsa jirgin ta sama, ruwa na tokare shi ta ƙasa, sai ya sulale gaba.

Sai dai akwai ɗan gyara a abin da idonka ya nuna maka. Babu jirgin ƙyalle da ke iya fuskantar iska kai tsaye. Da zarar ka sa hancinsa daidai inda take fitowa, ƙyallen zai fara kaɗawa, jirgin ya tsaya. Iyakar abin da yake iyawa shi ne ya kusance ta da kamar digiri 45, wato rabin kusurwar ɗaki. Don haka idan wurin da kake so yana can inda iska ke fitowa, sai ka yi tafiyar karkace: ka nufi dama na ɗan lokaci, ka juya hagu, ka sake juyawa dama, har ka isa. A nan ne gwaninta take. Iska ba ta tsayawa wuri guda, tana ɗan kaucewa nan da can. Gwani yana karanta ta daga yadda fuskar ruwa ke yin duhu da ƙananan kumfa, ya juya a kan kari. Kuma idan ka ga matuƙi ya zauna a bakin jirgi ya miƙe bayansa a saman ruwa, nauyin jikinsa yake sawa don kada iska ta kifar da shi.

Yadda ake tseren kuwa, ana jefa alamomi masu yawo a kan ruwa, a ɗaure su da nauyi a ƙasa, jirage su kewaye su bisa tsarin da aka sanar. Jirgin ƙyalle ba shi da birki, ba a iya jera su a ce su tsaya cak. Saboda haka ana busa ƙaho saura minti 5, a sake busawa saura 4, sannan saura 1, sannan na tashi. A cikin waɗannan mintuna kowa na ta shawagi a bayan layi, yana neman ya tsallaka daidai da busar ƙarshe. Wanda ya riga ƙaho sai ya koma ya sake. Na ɗaya yana samun maki 1, na biyu 2, haka har ƙarshe, kuma bayan an yi tsere da yawa mai mafi ƙarancin maki ne zakara.

Abin da ya fi burge ni a dokokinsu shi ne, a gasar kulob galibi babu alƙali a kan ruwa. Idan jirage biyu za su yi karo, wanda iska ke bugowa ta hagunsa shi zai kauce wa wanda take bugowa ta damansa. Wanda ya san ya saɓa wannan doka, shi da kansa zai hukunta kansa: ya fita gefe ya juya jirginsa sau biyu, sannan ya ci gaba. Idan alama ya taɓa, sau ɗaya. Sai in an yi musu ne ake zama bayan an fito, wasu dattawan kulob su saurari ɓangarorin biyu. Wasa ne da aka gina a kan amana, kuma yaron da ya tashi a cikinsa yana koyon faɗin gaskiya ko da ba mai ganinsa.

Yanzu batun kuɗi. Wanda ya gaya maka wasan masu hali ne bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma ya haɗa abu biyu. Akwai manyan jiragen alfarma na attajirai, akwai kuma waɗannan ƙananan, waɗanda tun asali an ƙirƙiro da yawansu ne don mai ƙaramin ƙarfi. A 1947 wani maƙerin jirage mai suna Clark Mills a jihar Florida ta Amurka ya zana wani ɗan jirgi na yara da za a iya haɗawa da fallayen katako masu arha. Shi ne Optimist, tsawonsa bai wuce mita 2.3 ba, kuma har yau da shi yara 'yan ƙasa da shekara 16 ke koyo a ƙasashe da dama. A farkon shekarun 1960 jaridar Daily Mirror ta Ingila ta ɗauki nauyin wani jirgi mai jan ƙyalle da ake kira Mirror, wanda magidanci zai sayi katakansa a yanke ya haɗa a gida, kuma an yi fiye da 70,000. Wanda ake yawan gani a wasannin Olamfik kuwa shi ne Laser, na mutum ɗaya, wanda Bruce Kirby ɗan Kanada ya zana, ya shiga Olamfik a 1996. A kowane aji, wato Optimist ko Mirror ko Laser, jiragen iri ɗaya ne sak, don kada aljihu ya ci gasa. In kuma jiragen kulob sun bambanta, akwai lissafin da ake daidaita lokacin kowa da shi.

Shi kulob, ƙungiya ce ta masu sha'awa. Suna biyan kuɗin shekara, suna da fili a bakin ruwa, da rumfar ajiye jirage, da ɗakin zama. Ba albashi ake biyan masu tsere ba. Malamin makaranta ne, da ma'aikacin jinya, da kafinta, da ɗan fansho, sukan haɗu ƙarshen mako. Aiki kuma karɓa-karɓa ne: wanda ya yi tsere wannan makon, wani makon shi ne mai busa ƙaho, ko mai zama a jirgin ceto, ko mai dafa shayi. Wanda ba shi da jirgi yakan shiga na wani a matsayin mataimaki. Bayan an fito a wanke jirage, a zauna a yi ta maimaita yadda tseren ya kasance, a tsokani wanda ya kife, a nuna wa sabon shiga inda ya yi kuskure. A ƙarshen shekara a yi walima a raba kofuna. Ba zan ɓoye maka ba, a ƙasashen Turai zaman nan yakan haɗa da mashaya. Amma giya ba ta cikin dokokin wasan. Majalisar shayi da tabarmar salla za su riƙe zaman sarai.

A Najeriya akwai irin wannan kulob a Legas, Lagos Yacht Club, wanda aka kafa a 1932 zamanin Turawa, kuma har yanzu ana tsere a can. A Sudan an kafa Blue Nile Sailing Club na Khartum a 1926, wanda ya mai da wani tsohon jirgin yaƙin Ingila mai suna Melik ofishinsa. Kogin Shuɗin Nilu, wanda kulob ɗin ya ɗauki sunansa, ba baƙo ba ne gare mu: a bakinsa, kusa da Sennar, garin Mai Wurno yake, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa tare da mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Za ka iya tambaya, me ya sa kakanninmu ba su sa wa kwalekwale ƙyalle ba? Ba rashin dabara ba ne. Gulbin Rima da ya bi ta Goronyo da Wurno, da gulbin Sakkwato da ya bi ta Rabah, ba su da faɗi sosai, suna lanƙwashe-lanƙwashe, da rani kuma su janye su bar yashi. Tafiyar karkace tana son fili, allon ƙasa yana son zurfi. A irin ruwanmu gora da filafili sun fi. A Masar kuwa kogin Nilu na gangarawa arewa, iska na busowa daga arewa, sai mai jirgi ya hau da ƙyalle ya sauko da ruwa. Amma tsere a ruwa namu ne tun da daɗewa. Ruwan da ya bar Goronyo shi ne ke isa Argungu, inda tseren kwalekwale da ninƙaya da kamun agwagwa ke cikin bikin kamun kifi da ya samo sigarsa ta yanzu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. A Yawuri ma akwai bikin Rigata a kan kogin Kwara.

To, dam ɗin Goronyo fa? Ta fuskar ruwa da iska, zai yi. An gama shi a 1984, aka buɗe a 1992, kuma an gina shi ne ya riƙe ruwa mita miliyan 942 a ma'aunin cika. Fili ne isasshe. Iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ta dace, kuma lokacin ruwan damina bai gama janyewa ba. Lokacin da ba a wasa da shi shi ne farkon damina, sa'ad da hadari ke tasowa daga gabas da guguwa cikin 'yan mintuna.

Matsalolin a wani wurin suke. An yi dam ɗin ne don noman rani da ruwan sha da rage ambaliya, yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, don haka sai da izininta. Ruwan kan ja baya ƙwarai a wasu shekaru, kamar yadda aka gani a 2018. Masunta na da taru da ƙugiya a ciki, kuma abincinsu ya riga wasanmu, dole a zauna da Sarkin Ruwa a shata wuri da lokaci. Ga tsargiya da ake ɗauka a ruwa kwance. Sannan ga babbar damuwar da kai ka fi ni sani, rashin tsaro a gabashin Sakkwato, wanda ya hana mutane gonakinsu ballantana shaƙatawa. Ba zan ce ka kai 'ya'yan mutane bakin ruwa ba sai hankali ya kwanta.

Duk da haka akwai abin da nake so mu ɗauka daga waɗannan kulob-kulob tun yau, ko ba a kafa sanda ko ɗaya ba. A wurinsu ba mai shiga jirgi sai da rigar da ke hana nutsewa, ko da gwanin iyo ne. Ba a fara tsere sai jirgin ceto na kan ruwa. Kowane jirgi an san adadin mutanen da yake ɗauka. Kuma cikin darussan farko da ake koya wa yaro akwai kifar da jirgi da gangan a wuri marar haɗari, ya koyi riƙe jikin jirgin, ya taka allon ƙasa ya miƙar da shi, don ranar da abin ya faru da gaske kada ya firgita. Mu kuwa ba mu manta da watan Agustan 2025 ba, lokacin da jirgin da ya ɗauko mutane zuwa kasuwar Goronyo ya kife, gidaje da yawa suka shiga makoki. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mutanenmu na shiga ruwa kullum don dole, ba don wasa ba, kuma su ne suka fi bukatar wannan tarbiyya.

Shawarata gare ka, ɗana, ka fara da abin da ke hannu. Ka tara abokanka, ku je ku gaida Sarkin Ruwa da Sarkawan yankinku, ku roƙe su su koya muku iyo da tuƙi. Ku yi karo-karo ku sayi rigunan kariya kafin komai, ku riƙa ara wa masu fito ranar kasuwa. In hali ya yi, ku shirya tseren kwalekwale bayan girbi, da jirgin ceto a gefe da rajistar duk wanda ya shiga ruwa. Jirgin ƙyallen na iya biyowa baya. Ƙirar Optimist miƙaƙƙiya ce, kafintan da ya iya haɗa kwalekwale ba za ta gagare shi ba in ya samu zanen awo da fallen katako mai jure ruwa, ƙyallen kuma telan da ke ɗinka tamfol zai iya gwada na koyo. Ranar gwajin farko ku zaɓi safiya mai iska kaɗan, ku tsaya inda ruwa bai wuce ƙirji ba, kuma kada kowa ya fita shi kaɗai.