Shuka Lalle a Gida

Uwargida, kina sayen lalle a kasuwar Kura ko Bunkure? Shuka naki a gida. Furensa fari ne, mai ƙanshi. Ganyensa kuɗi ne lokacin biki da salla.

1. Ki murje busassun 'ya'yan lalle, ki fitar da iri.
2. Irin yana da tauri. Ki jiƙa shi kwana 7, kina sake ruwa kullum.
3. A watan Maris ki yafa shi a ƙaramin fangali mai taki, kina ban ruwa.
4. Bayan wata 3, damina ta sauka, sai dashe.

A kula: lalle ba shinkafa ba ne. Kwantaccen ruwa yana kashe shi. A dasa shi a tudu.