HAƊIN KAN ƘASASHE: RA'AYOYIN MASANA DA DARASIN SIRA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci mutane ya sanya su jinsi-jinsi domin su san juna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, jama'a masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wata tambaya da ta daɗe tana damun Musulmi. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, wadda aka aza harsashinta a Rabat cikin 1969 bayan an sa wa Masallacin Ƙudus wuta, tana da ƙasashe 57. Duk da haka biyu daga cikinsu, Iraƙi da Iran, sun gwabza yaƙi tun daga 1980 har 1988. To, me ke sa ƙasashe su haɗu, me kuma ke raba su? Masana siyasar duniya sun kasu a kan amsar.

Ra'ayi na farko shi ne na masu son tarayya. Su a ganinsu shugabanni su zauna su rubuta tsarin mulki ɗaya, su kafa gwamnati ɗaya, sauran al'amura sa biyo baya. An jarraba wannan cikin 1958, sa'ad da Masar da Siriya suka zama ƙasa guda ƙarƙashin Jamal Abdul Nasir. Harshe ɗaya ne, addinin mafi yawansu ɗaya, amma da aka rushe jam'iyyun Siriya aka tattara iko a Alƙahira, sai sojan Siriya suka yi juyin mulki cikin 1961, haɗin ya watse. Ginin da aka fara daga rufi ke nan.

Ra'ayi na biyu na David Mitrany ne, wanda ya bayyana shi cikin 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ce a bar maganar sarauta da iyaka tukuna, gama nan ne rigima take. A fara da ayyukan da kowa ke bukata, kamar gidan waya da sufuri da yaƙi da annoba, a danƙa su ga hukumomin haɗin gwiwa. In mutane suka ɗanɗana amfanin, yaƙi zai yi musu tsada.

Ernst Haas ya ɗora a kan wannan cikin 1958, bayan ya yi nazarin abin da ya faru a Turai. Cikin 1951 ƙasashe shida, har da Faransa da Jamus ta Yamma waɗanda ba su daɗe da ajiye makamai ba, suka sanya kwal da ƙarfensu ƙarƙashin hukuma ɗaya. Haas ya ce haɗin kai yana malala kamar ruwa: wanda ya haɗa cinikin ƙarfe dole ya daidaita kuɗin fito, wanda ya daidaita fito dole ya duba maganar kuɗi da shari'a. Haka kuwa aka yi, har aka kai ga Tarayyar Turai mai ƙasashe 27.

Ra'ayi na uku na Karl Deutsch ne, cikin 1957. Shi abin da ya duba shi ne cuɗanyar talakawa, watau fatauci da wasiƙu da tafiye-tafiye da neman ilmi. In waɗannan suka yawaita sai amana ta ginu, har jama'ar ƙasashen su daina tsammanin yaƙi a tsakaninsu, ko da kowace na da tutarta, kamar Amurka da Kanada.

Akwai kuma masu ja da baya, irin su Stanley Hoffmann, waɗanda suka ce ƙasa takan yarda a haɗu a kan ƙananan abubuwa, amma in an taɓo tsaro da mulkin kai sai ta noƙe. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai cikin 2020, da ta Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS cikin 2025, sun nuna cewa ruwan da ya malala yana iya janyewa.

To, ina matsayin mai karatun Sira a cikin wannan? Tun kafin Musulunci, malaman tarihi sun ce Hashimu da 'yan'uwansa sun ƙulla alkawuran aminci ga ayarin Ƙuraishawa da sarakunan Sham da Yaman da Habasha, kuma Suratu Ƙuraish ta tunatar da su ni'imar abinci da tsaro da ke tattare da tafiyar hunturu da ta bazara. Ashe haɗa fatauci da zaman lafiya ba sabon abu ba ne.

Mafi girman darasi yana cikin takardar Madina. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira cikin 622, bai rushe ƙabilu ba. Kowace ta ci gaba da biyan diyya da fansar fursunanta bisa al'adarta, Yahudawa suka zauna da addininsu. Abin da aka haɗa shi ne kāre gari daga maƙiyi, da hana taimakon azzalumi, da mai da husuma ga mahukunci ɗaya. Watau an bar wa kowa abin da ya keɓanta da shi, aka haɗu a kan abin da ya shafi kowa. Wannan ne abin da ya kuɓuce wa Masar da Siriya.

Sai sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira. An ajiye yaƙi na shekara 10 bisa sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai nauyi, amma aka cika su. Cikin wannan kwanciyar hankali mutane suka cuɗanya suka saurari juna, har waɗanda suka musulunta suka yawaita ƙwarai: mutum wajen 1,400 ne a Hudaibiyya, amma 10,000 suka shiga Makka bayan shekara biyu. Kuma yarjejeniyar ba ta warware ba sai da Banu Bakar, da taimakon Ƙuraishawa, suka auka wa Khuza'a. A nan akwai abin da littattafan masanan can ba su ba shi cikakken haƙƙinsa ba, watau cika alkawari. Suratul Ma'ida ta buɗe da umurni a kansa, aya ta biyu kuma ta iyakance taimakon juna ga alheri da taƙawa, ta hana shi a kan zunubi da ƙetare haddi.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu auna haɗin kan Musulmi da yawan taro da jawabai. Mu auna shi da irin aikin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ya fara aiki a Jidda cikin 1975, da sauƙin da ɗan kasuwa ko ɗalibi ke samu a bakin iyaka, da kuma ko an cika abin da aka sa wa hannu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuwa daga saɓa alkawari take farawa, a gida ko a tsakanin ƙasashe.

Allah ya haɗa zukatanmu a kan gaskiya, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.